Littafi a cikin salula: abin da waya guda za ta iya yi a ajin lakwal

A lakwal da yawa na Maraɗi, Damagaram da Tawa, littafin karatu guda yakan zagaya hannun yara uku ko huɗu. Wani ajin ma babu shi sam, sai abin da mushe ya rubuta a babban allo. Binciken PASEC na 2019, wanda ya auna ɗalibai a ƙasashe 14 na Afirka, ya nuna cewa a Nijar kusan yara bakwai cikin goma suna gama firamare ba su kai matakin da ake buƙata a karatu ba.

Ga shi kuwa littattafan yara na nan jibge a intanet, kyauta. Shafin African Storybook, wanda ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, yana ɗauke da gajerun labarai masu hotuna cikin harsunan Afirka masu yawa. StoryWeaver, na kamfanin ɗab'i Pratham Books da ke Indiya, ya biyo baya a 2015. Dukansu biyu suna da labarai da Hausa da kuma Faransanci, an jera su mataki-mataki, daga mai ƴan kalmomi a shafi zuwa mai cikakkun sakin layi.

Sai dai aji mai yara sittin, a rumfar zana, ba kuran ba kwamfuta, ba zai yi aiki da shafin kamar yadda ake gani a hotunan talla ba, kowane yaro da na'urarsa. Abin da ke akwai shi ne salular malami. Idan ya shiga gari ko ya sami rezo mai ƙarfi, sai ya sauke labarai biyar ko goma ya adana, domin ana iya buɗe su daga baya ba tare da intanet ba. A aji yana karantawa da babbar murya, ya zagaya layi-layi yana nuna hoton, ya tsaya kafin ya juya shafi ya tambayi yara me suke jin zai faru. Yaron da ba ya buɗe baki a darasin nahawu yakan ɗaga hannu a nan, don kowa yana da ra'ayi a kan makomar kura.

Amma sauraro daban, karatu daban. Yaro yana iya haddace labari tsaf alhali bai gane harafi ko ɗaya a ciki ba, kuma fuskar waya ta yi ƙanƙanta ga na bayan aji. Dole rubutun ya fito daga wayar. Malami ya kwafe jimloli huɗu ko biyar a allo, yara su bi da yatsa, su nemo kalmar da ta maimaitu, su rubuta a nasu allunan. Wanda ya fi wannan shi ne a buga labarin a shagon fotokopi, a naɗe takardun su zama ɗan littafi da yaro zai tafi da shi gida. Ba satar fasaha ba ce: littattafan suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya yarda a buga, a raba, a fassara, muddin an ambaci marubuci da mai zane. Kuɗin takarda da na kiredi da na cajin waya kuwa, galibi daga aljihun malamin suke fita, kuma wannan kaɗai ya isa ya kashe niyya kafin hutun zango.

Akwai kuma batun irin Hausar. Da dama daga labaran an rubuta su ne a Najeriya. Yaron Tasawa zai fahimta, amma zai ci karo da naira a inda ya san jika da dala, da 'y a inda ƙa'idar rubutun Nijar ta sa ƴ. Ga mai koyon haruffa wannan ba ƙaramin tuntuɓe ba ne. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, amma har yanzu abin da yaro zai karanta da ita don nishaɗi bai taka kara ya karya ba.

A nan ne ƙofa take buɗe ga matasan birni da ƴan ci-rani. Shafukan biyu suna barin duk wanda ya yi rajista ya ɗauki labari ya fassara, ko ya gyara shi zuwa Hausar garinsu, ko ya rubuta sabo ya ɗora. Labarin matakin farko bai wuce ƴan jimloli ba. Ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ko ɗan kasuwa a Abijan zai iya gama shi tsakanin magariba da isha'i, ya tura wa malamin ƙauyensu ta WhatsApp, ya haɗa masa da kuɗin fotokopi.