Daga Hadarin Gabas zuwa Guguwar Teku

Mazauna Kafanchan sun san cewa hadarin damina yakan taso ne daga gabas, ta wajen duwatsun Kagoro. A farkon damina yakan zo da iska mai ƙarfi, wadda kan yaye rufin gidaje da na makarantu. Iskar da ke ɗauke da irin wannan hadari takan ci gaba da tafiya yamma, ta ratsa Afirka ta Yamma, ta faɗa Tekun Atlantika.

A can, idan ɗumin ruwan teku ya wuce digiri 26, tururi yakan tashi da yawa, hadarin ya ƙara ƙarfi, ya riƙa juyawa. Da zarar gudun iskar ya kai kilomita 119 a awa guda, sai a kira ta mahaukaciyar guguwa. Haka guguwar Maria ta samo asali. A watan Satumba na 2017 ta afka wa Dominika, wani ƙaramin tsibiri a yankin Karebiyan. Asarar da ta jawo ta ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu.

Masana kan yi tambayoyi uku domin auna haɗarin da tsibiri ke ciki. Ta farko, yaya ƙarfin guguwar da ake tsammani? Ta biyu, mutane nawa da dukiya nawa ke kan hanyarta? Ta uku, yaya ƙarfin gine-ginensu da shirinsu? A tsibiri, yawancin jama'a na zaune a bakin teku, kuma ba su da wurin gudu mai nisa.

Sauyin yanayi yana ƙara tsananta lamarin. Duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, iska takan riƙe ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin ɗari, saboda haka ruwan da guguwa ke zubarwa yakan ƙaru. Teku kuma yana ƙara cika, igiyar ruwa tana shiga can cikin gari.

Guguwar teku ba ta zuwa Kudancin Kaduna, amma tambayoyin nan uku suna da amfani a nan ma. Sauraron hasashen hukumar NiMet, ɗaure rufi da kyau, da dasa itatuwa su kare iska, duk suna rage asara. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin "hadari" da "haɗari"?
2. Me ya sa guguwa ta fi cutar da mazauna tsibiri?