Ba sai ka haddace ƙamus ba

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare tsakanin ɗaliban sakandare da masu shirin rubuta jarrabawar JAMB. A sayi ƙaramin littafin rubutu, a ja layi a tsakiyar shafi, hagu kalmar Turanci, dama ma'anarta da Hausa. Kalmomin da ake zaɓa kuwa irin waɗanda ko Baturen Ingila sai ya shekara bai furta su ba ne. Mai littafin zai ragargaza su a muhawarar makaranta a yi masa tafi. Amma miƙa masa kwalin magani ka ce ya duba maka, kafin cin abinci ake sha ko bayan an ci, sai ka ga ya hau sosa ƙeya.

Yaron nan yana da ƙwaƙwalwa, zaɓin kalmomi ne ya kuskure. Harshen Turanci yana da kalmomi jibgi, amma 'yan ƙalilan ne ke ɗauke da nauyin hirar yau da kullum. Wani malamin Turanci, Michael West, wanda ya daɗe yana koyarwa a yankin Bengal, ya wallafa jerin kalmomi kimanin 2,000 a shekarar 1953, waɗanda suka fi yawan fitowa a rubutu. Wanda ya mallake su zai gane kusan kashi 80 cikin ɗari na kalmomin da ke cikin rubutu na gama-gari. Gidan rediyon Muryar Amurka ma, tun 1959 ya fara karanta labarai da sauƙaƙan Turanci, da kalmomi wajen 1,500 kacal, kuma da su aka riƙa bayanin yaƙi da siyasa da kimiyya. Karanta jarida ko littafin ƙagaggen labari ba tare da leƙa ƙamus ba, wannan sai mutum ya kai dubu takwas zuwa tara, a lissafin Farfesa Paul Nation na ƙasar New Zealand. Sai dai ba daga can ake farawa ba.

Kada ƙanƙantar kalmomin nan ta ruɗe ka, su ne masu wuyar sha'ani. Ɗauki "take". A jikin kwalin magani tana nufin sha, a tasha tana nufin hawa mota, in aka liƙa mata "off" sai ta koma tashin jirgi ko tuɓe riga. Wanda ya rubuta mata ma'ana guda a littafinsa ya ɗauko guntu ne. Shi ya sa ya fi kyau a rubuta jimlar da aka tsinci kalma a cikinta gaba ɗaya: saƙon banki da ya shigo waya, rubutun da na'urar cirar kuɗi ta nuna lokacin da kuɗin bai isa ba, abin da mai sharhin ƙwallo ya faɗa da aka ci. Kalmar da ta zo da labarinta ba ta saurin ɓacewa.

Sai batun mantuwa. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi wa kansa, inda ya gano cewa yawancin abin da mutum zai manta daga sabon karatu yana zubewa ne tun a ranar farko, sai in an maimaita. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan, domin alaramma ba ya ƙara maka karatu sai ka yi tishin na jiya. Kalma biyar yau, a waiwaye su gobe, a sake bayan kwana uku, a sake bayan mako, sun fi hamsin da aka haɗiye dare ɗaya ana gobe jarrabawa. Manhajojin waya irin su Anki a kan wannan tsari aka gina su, amma 'yan yankakkun takardu a aljihu ma sun wadatar.

Abin da ya fi kashe mana gwiwa, a ganina, kunya ce. Mutum ya san kalmar sarai, amma yana tsoron ya karkace harshe abokai su fashe da dariya, har su laƙa masa suna. Sai ya haɗiye ta, bayan wata guda ta bi ruwa. Dabarar mai sauƙi ce: ka nemi aboki guda da kuka amince da juna, ku ware minti goma bayan sallar Isha'i, kowa ya ba da labarin wuninsa da Turanci, me ya saya a kasuwa, nawa ya biya mai Keke Napep. Inda kalma ta ƙi zuwa, a faɗe ta da Hausa a wuce, a nemo ta kafin zaman gobe.