BABI NA UKU: ZAHIRI DA BAƊINI A WAJEN BISHOP-BISHOP NA FARKO DA ASALIN WAREWAR KIBƊAWA

3.0 Gabatarwa

A cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a shekarar 1812 tun kafin ya zama Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello ya kawo ruwayar da ke cewa Gobirawa tsatson Kibɗawan Masar ne. Wannan ruwaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zamfara, domin kuwa a kan ƙasar da a da take ta Zamfarawa ne Gobirawa suka kafa birnin Alƙalawa a ƙarni na 18. Masana tarihi kan ɗauki ruwayoyin asali irin wannan da taka-tsantsan, kuma ba manufar wannan babi ba ce ya tabbatar da ita ko ya rushe ta. Abin da za a duba shi ne su Kibɗawan kansu, wato yadda aka yi suka zama al'umma mai cocinta daban, wadda ba ta bin Roma, ba ta kuma bin Kustantiniyya. Babin zai nuna cewa tushen wannan warewa saɓani ne a kan hanyar fassara nassi, wanda ya ɗauki fiye da shekara ɗari biyu yana ruruwa tsakanin malaman Iskandariyya ta Masar da na Antakiya, birnin da yau yake kudancin Turkiyya.

Duk wanda ya taɓa zama a zauren tafsiri a ƙasar Hausa ya san bambancin malamin da ke tsayawa a kan zahirin lafazi da wanda ke haƙo ma'anar baɗini. An ari waɗannan kalmomi biyu a nan ne don sauƙaƙa bayani kawai, ba don a ce al'adun biyu ɗaya suke ba.

3.1 Hanyar Iskandariyya

Jigon wannan hanya shi ne Orijin, wanda aka haifa wajen shekarar 185. Shi dai bai taɓa zama bishop ba, hasali ma saɓani da bishop ɗin garinsu, Dimitiriyus, shi ya sa ya bar Iskandariyya ya koma Kaisariya ta Falasɗinu. Amma da wuya a sami bishop na ƙarni na 4 da bai sha daga rijiyarsa ba. A ganin Orijin, nassi kamar mutum yake, yana da gangar jiki da rai da ruhu. Gangar jikin ita ce labarin da kowa ke ji, ran shi ne darasin gyaran hali, ruhun kuwa shi ne asirin da ke nuni ga Almasihu.

Hujjarsa ba ta raini ba ce. Ya lura cewa Littafin Farawa ya ƙirga kwana uku, kowanne da safiya da maraice, alhali sai a kwana na huɗu aka halicci rana. Sai ya yi tambaya, ta yaya za a yi safiya babu rana? A wajensa irin wannan cikas da gangan aka sa shi, domin mai karatu ya yi tuntuɓe ya farga cewa akwai wata ma'ana a ƙasa. Da wannan ido ya karanta misalin Basamariye mai kirki da ke cikin Bisharar Luka. Mutumin da 'yan fashi suka tare shi ne Adamu, Urushalima da ya baro ita ce Aljanna, Yariko da ya nufa ita ce duniya, Basamariyen shi ne Almasihu, masaukin da aka kai majinyacin kuwa ita ce ikkilisiya.

Bai kamata a ɗauka cewa Orijin ya yi wa lafazi riƙon sakainar kashi ba. Shi ne ya tsara Tsohon Alkawari a layi shida a jere: matanin Ibrananci, da Ibrananci cikin haruffan Girkanci, da fassarori huɗu na Girkanci, don a ga inda suka saɓa. Wanda ya yi wannan wahala ba za a ce bai damu da harafi ba.

Amfanin hanyar ya bayyana lokacin rikicin Ariyus, wani limamin coci a Iskandariyya da ya ce Almasihu halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Daga cikin hujjojinsa akwai Karin Magana sura ta 8 aya ta 22, inda a fassarar Girkanci Hikima take bayyana kanta a matsayin wadda aka halitta. Majalisar Nikiya, wadda Sarki Kustantin ya kira a shekarar 325, ta ƙi ra'ayinsa, amma sai da ta yi amfani da wata kalmar Girkanci mai nufin zati ɗaya, wadda babu ita ko ɗaya a cikin Littafi Mai Tsarki. Wannan kansa shaida ce cewa jera ayoyi kaɗai bai raba gardamar ba, domin kowane ɓangare yana da nasa. Atanasiyus, wanda ya riƙe kujerar Iskandariyya daga 328 zuwa 373, aka kuma kore shi daga garin har sau biyar, ya amsa da cewa ayar tana magana ne a kan shigar Almasihu cikin jikin ɗan Adam, ba a kan asalinsa ba.

3.2 Hanyar Antakiya

Mutanen Antakiya sun ga haɗari a cikin wannan. In har kowace kalma za ta iya zama ishara ga wani abu daban, wa zai taka wa mai fassara birki? In kuma Aljannar Adamu misali ce kawai, to faɗuwarsa fa? Diyodo na Tarsus shi ya ɗora harsashin wannan makaranta, ya kuma yaye almajirai biyu da suka shahara: Yohanna mai laƙabin Bakin Zinariya saboda fasaharsa a wa'azi, da Tiyodo, bishop ɗin Mofsuwestiya daga 392 zuwa 428.

Tiyodo ya fi kowa tsanani. Ya dage cewa a fara tambayar wa ya yi maganar, da wa yake yi, a wane zamani. Da wannan ma'auni, daga cikin Zabura 150 guda huɗu kawai ya yarda annabci ne kai tsaye a kan Almasihu, wato ta 2 da ta 8 da ta 45 da ta 110. Littafin Waƙar Waƙoƙi kuwa, wanda Orijin ya ɗauka a matsayin zance tsakanin Almasihu da ikkilisiya, Tiyodo ya ce waƙar aure ce ta Sulemanu, ba wani abu ba.

3.3 Yadda Saɓanin Fassara Ya Zama Saɓanin Tauhidi

A nan ne ainihin maganar wannan babi take. Bisharu sun nuna Almasihu yana jin yunwa, yana gajiya, yana kuka, sun kuma nuna shi yana ta da matacce. Mai karatun Antakiya, da ya saba tambayar wa ke magana, sai ya rarraba ayoyin: waɗannan na ɗabi'ar mutuntaka ne, waɗancan na ɗabi'ar allahntaka. Mai karatun Iskandariyya, da ya saba ganin Almasihu ɗaya a bayan kowace aya, sai ya ga an mai da mutum ɗaya mutum biyu.

Abin ya fashe a shekarar 428, lokacin da aka naɗa Nastoriyus, wanda ya tashi a kan koyarwar Antakiya, bishop ɗin Kustantiniyya. Ya ƙi amincewa da laƙabin da jama'a suka daɗe suna kiran Maryamu da shi, mai nufin mahaifiyar Allah, ya ce a kira ta mahaifiyar Almasihu. Kirilus, bishop ɗin Iskandariyya daga 412 zuwa 444, ya aika masa da la'anoni goma sha biyu a shekarar 430. Abin lura shi ne ta huɗu daga cikinsu ba ta ambaci Maryamu ba sam, ta faɗa ne a kan duk wanda ya raba maganganun Bishara tsakanin masu magana biyu. Ke nan Kirilus da kansa ya gane cewa a hanyar karatu cutar take.

Sarki Tiyodosiyus na Biyu ya kira majalisa a Afisa a shekarar 431. Kirilus ya buɗe zama tun kafin Yohanna, bishop ɗin Antakiya, ya iso da jama'arsa, aka tuɓe Nastoriyus. Da Yohanna ya iso sai ya yi nasa zaman, ya tuɓe Kirilus. Ko mai goyon bayan Kirilus zai yi wuya ya wanke shi daga zargin gaggawa a nan. Daga baya fada ta karkata gare shi, aka yi sulhu da Antakiya a 433, Nastoriyus kuma ya ƙare rayuwarsa a gudun hijira, a cikin Masar ɗin abokin hamayyarsa.

Sulhun bai yi tsawon rai ba. A shekarar 451 Majalisar Kalsidon ta yanke cewa Almasihu ɗaya ne cikin ɗabi'a biyu, ta kuma tuɓe Diyoskorus, magajin Kirilus. Ga mafi yawan mutanen Masar, kalmar "biyu" ita ce maganar Nastoriyus ta dawo da wata riga. Wanda aka ɗora musu a madadinsa, Furoteriyus, jama'ar gari suka kashe shi a 457.

Akwai masu ganin cewa siyasa ce tsantsa, kuma suna da abin kamawa: majalisar nan ta ɗaukaka kujerar Kustantiniyya a kan ta Iskandariyya, ga kuma bambancin harshe tsakanin talakawa masu jin Kibɗanci da masu mulki masu jin Girkanci. Wannan bincike bai musanta haka ba. Sai dai siyasa ba ta bayyana dalilin da ya sa Sarki Jastiniyan, yana neman shawo kan Masar, ya koma kan littattafan matattu. A zamaninsa aka la'anci koyarwar Orijin a 543, sannan majalisar 553 ta la'anci Tiyodo da rubuce-rubucensa, shekara 125 bayan mutuwarsa. Duk da haka Masar ba ta dawo ba.

3.4 Bayan Warewa

Lokacin da Amru bin Asi ya ci Masar tsakanin 639 da 642, ya tarar da shugaban cocin Kibɗawa, Biliyaminu, yana ɓoye saboda tsanantawar hukumar Rumawa, ya ba shi aminci ya koma kujerarsa. Daga wannan kujera ake naɗa bishop-bishop na masarautun Kirista na Nubiya, a Sudan ta yau. Habasha kuwa, wadda Atanasiyus ya naɗa mata bishop ɗinta na farko, Furumentiyus, ta ci gaba da karɓar shugaban cocinta daga Iskandariyya har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, kafin ta sami cikakken shugabancin kanta a shekarar 1959.