Daga Gada Biyu zuwa Kumasi: Ƙasa Uku da Guzuri Ɗaya

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'ar Kabong, Gada Biyu, Tudun Wada, hanyar Rukuba, da duk inda muryarmu ke kaiwa: Shirin namu na yau na masu ƙaiƙayin ƙafa ne, waɗanda suka daɗe suna son leƙa wata ƙasa amma da zarar sun ji kuɗin jirgi da na biza sai gwiwa ta yi sanyi. To a gyara zama. Akwai tafiyar da ɗan kasuwar Satalait ko malamar makaranta za su iya tarawa da adashi: ƙasa uku a fita ɗaya, Benin, Togo da Ghana, a mota, ba tare da an je layin biza a ofishin jakadancin kowa ba.

Abin da ya buɗe wannan ƙofa yana da alaƙa da mu nan Filato. Ranar 28 ga Mayun 1975 aka sa hannu a Legas kan yarjejeniyar kafa ECOWAS, kuma mutum biyu ne suka fi kowa kai gwauro da mari a kanta: Janar Yakubu Gowon, wanda filin jirginmu na Heipang ke ɗauke da sunansa, da Gnassingbe Eyadema na Togo. A 1979, a Dakar, aka ƙara da ƙa'idar zirga-zirga, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90 ba biza. Wannan haƙƙinka ne, mai sauraro. Sai dai haƙƙi a takarda daban, abin da za ka tarar a bakin shinge daban, kuma a tsakanin biyun nan ne kuɗin matafiyi ke zurarewa.

Mutane kan zaci kuɗin mota ne ke cinye guzuri. A'a. Kuɗin mota ka san shi tun daga gida. Abin da ke kassara aljihu shi ne wuraren da tafiya ke sauya hannu: kan iyaka, wurin 'yan canji, da saukar dare a garin da ba ka da kowa. Wanda ya shirya wa waɗannan ukun, ya gama rabin lissafi.

Kakannin da suka bi wannan hanya sun san haka tun kafin a yi fasfo. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare kogin Kwara, su bi ta Nikki da Jugu a Benin ta yau, su ratsa arewacin Togo, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiyar watanni ce, kuma ba wanda ke yinta shi kaɗai. Ayari na da madugu, shi ke magana da sarakunan hanya kan kuɗin fito da gaisuwa a madadin kowa. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya da wurin yada zango. A kowane gari kuma akwai maigida da zai sauke ka, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da mai saye. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwar suka bazu Kete Krachi da Kumasi da Akra. Alhassan Ɗantata, kafin ya zama attajirin da Kano ke ji da shi, a wannan fatauci ya taso, har ya riƙa ɗoro goro a jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Legas. Zangunan da fataken suka bari suna nan, kuma za mu dawo kansu, don su ne babban rangwamen wannan tafiya.

(Gajeren kiɗa)

A fara da takardu, tun watanni kafin ranar tashi. Fasfo dai ya yi tsada: daga 1 ga Satumban 2025, mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000. Amma Hukumar Shige da Fice tana da wata takardar tafiya ta ECOWAS, wadda aka yi don yawo cikin ƙasashen ƙungiyar kawai. Wanda ba shi da niyyar Makka ko Urushalima nan kusa, ya je ofishinsu na Jos da ƙafarsa ya tambayi kuɗinta da sharuɗɗanta. Da ƙafarsa, na ce, ba ta hannun wani mai “na san mutum a ciki” ba.

Na biyu, katin rigakafin cutar shawara, ɗan katin nan ruwan ɗorawa. Allurar sai ta kwana goma a jiki kafin katin ya fara aiki, don haka ba abin daren tafiya ba ne. Daɗin abin, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Najeriya ta koma sabon kati mai lambar da ake dubawa da na'ura tun 2019. Masu sayar da na jabu a bakin tasha ba su ƙare ba, kuma wanda ya saya zai biya sau biyu: ya biya mai bugawa, ya biya wanda ya kama shi. Mai tafiya da yaro ya riƙe takardar haihuwarsa da wasiƙar amincewar ɗaya mahaifin. Mai niyyar tuƙa motarsa kuma sai ya nemi katin inshorar ECOWAS, ruwan ƙasa, da izinin shigar da mota a kowace iyaka. Ni dai a tafiyar farko ban ba kowa shawarar wannan ɗawainiya ba.

Yanzu hanya. Daga Jos zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne, kuma shi ne zango mafi tsawo da gajiya a tafiyar baki ɗaya. Abin zai ba ku mamaki: daga Legas zuwa Akra, da ƙetare iyaka uku, bai kai rabin haka ba. Daga Mile 2 a Legas ake samun motocin Seme, kan iyakar Benin. Ka ƙetara Krake, ka shiga Kwatano. Daga Kwatano zuwa Lome kusan kilomita 150 ne, ta iyakar Hillacondji. Gaɓar tekun Togo gaba ɗayanta ba ta wuce kilomita hamsin da 'yan kai ba, birnin Lome kuma a jikin iyaka yake, har da ƙafa mutum zai taka ya shiga Aflao ta Ghana. Daga nan Akra kusan kilomita 190, Kumasi kuma wasu 250 a gaba.

Hanya biyu ce ta yin wannan. Akwai manyan motocin safa na kamfanoni irin su ABC da Chisco da ke ɗauka daga Legas su dire a Akra, ma'aikatansu su tattara fasfo su kai a buga hatimi. Akwai kuma bi guntu-guntu a ƙananan motocin tasha. Na farkon ya fi kwanciyar hankali, amma Benin da Togo ta taga kawai za ka gan su. Shawarata: a tafi guntu-guntu lokacin da jiki ke da ƙarfi kuma ido ke son kallo, a dawo a safa kai tsaye lokacin da kaya suka yi nauyi, aljihu ya yi sauƙi.

A kan iyaka kuwa, a iso da rana tsaka, ba da magariba ba. Kowace iyaka hatimi biyu ne, na fita da na shiga. Zuwa da dawowa goma sha biyu ke nan, ko da yake a Seme tun Oktoban 2018, lokacin da Shugaba Buhari da Shugaba Talon suka buɗe ofishin haɗin gwiwa, jami'an ƙasashen biyu a harabar gini ɗaya suke. Matafiya sun daɗe suna kukan ana neman “na goro” a shingaye, musamman ga mai sabon fasfo da bai taɓa shan hatimi ba. Ba wata doka da ta ce a biya wannan. Amma mutum ɗaya da ya iso da dare, motarsa na shirin tashi ta bar shi, ba shi da bakin gardama. Mutum shida da suka iso da hantsi, takardunsu cif, suka wakilta mai haƙuri ɗaya ya yi magana da ladabi ya nemi rasit, labarinsu daban ne. Madugun ke nan. Kuma kar a yarda a bi ta barauniyar hanya a kan acaɓa don gudun layi: wanda ya shiga ba hatimi, duk shingen da ke gaba sai ya saye kansa.

(Kiɗa)

Sai canji. Benin da Togo kuɗinsu ɗaya, sefa, saboda haka canji iri biyu kawai za ka yi: naira zuwa sefa, sannan zuwa sidi na Ghana. Ga wata dabara da za ta hana a yi maka sakiyar da ba ruwa. Sefa a ɗaure take da yuro, ba ta motsi: yuro ɗaya sefa 656 ne, in an cike. Wato sefa dubu ɗaya ta ɗan haura yuro ɗaya da rabi. Ka duba farashin yuro da naira a wayarka da safen ranar, ka yi lissafi, ka san inda ciniki ya kamata ya tsaya kafin ɗan canji ya buɗe baki. A bakin iyaka a canza na mota da abinci kawai, sauran a bari sai cikin gari. A ƙirga a gaban mai canji, kuma kar a miƙa naira sai sefa ta shigo hannu. A kula, sefar Kamaru da Chadi daban ce, ba ta ciniki a Kwatano. Katin banki na naira kuwa wata rana ya yi, wata rana ya ƙi. Kar a jingina tafiya a kansa.

To, zango. Kwatano na da unguwar Zongo, Lome na da nata a wajen Agoe, Akra na da Nima da Mamobi da Sabon Zango, Kumasi kuwa ba a magana. Mutumin Kabong da ba ya jin Faransanci ko kalma ɗaya, Hausar da yake ciniki da ita a kasuwar Taminus za ta sama masa ɗaki mai araha, ta nuna masa tashar gaskiya, ta gaya masa kuɗin zemijan, wato acaɓar Kwatano, kafin a ninka masa. Ba sai kai Bahaushe ne ko Musulmi ba. Harshen ne tikitin. A Ghana za ka karya da koko da ƙosai, ka ci wake da shinkafa da rana, ka kwana da tuwo, a farashin 'yan gari. Amma maigida na gaskiya tun daga gida ake nemansa. A tambayi 'yan goro, 'yan atamfa, direbobin manyan motoci, limami ko fasto, a samo lambar mutumin da wani ya sani ya kuma yarda da shi. In ya sauke ka, kar ka je hannu rabbana. Ɗan buhun acca ko dankalin Bokkos ya fi kuɗin da za ka ji kunyar miƙawa.

Kar a cika buri. Kwana biyu a Kwatano sun isa a zaga kasuwannin garin a kuma leƙa Ouidah, inda aka yi ta lodin bayi zuwa ƙetaren teku. Lome kwana ɗaya ko biyu, don babbar kasuwar da matan nan 'yan atamfa, Nana Benz, suka yi suna a cikinta. Sauran kwanakin a ba Ghana: masallacin ƙasa da aka buɗe a Kanda a 2021, kasuwar Makola, gidan bayi na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, sai kasuwar Kejetia a Kumasi. Wani zai ce tunda an zo nan, a ƙarasa Abijan mana. Ƙarin iyaka ne, ƙarin canji, ƙarin kwana a birni mai tsada. A bar ta sai wata shekara.

Lokaci ma kuɗi ne. Tun bikin “shekarar komawa gida” na 2019, Disamba a Akra ta zama ta baƙi daga Amurka da Ingila, ɗakuna su yi tashin gwauron zabi. Yuni kuma ruwa ne kamar da bakin ƙwarya a duk gaɓar. Wanda ya saba da sanyin Jos ya shirya wa gumi da sauro, ya tafi da gidan sauronsa. Agogon Togo da Ghana yana bayan namu da awa ɗaya, kar a makara ko a yi sammakon banza.

Masu tunanin tsarabar da za ta mayar da kuɗin mota, a yi hattara. Shinkafar waje da kajin ƙanƙara da gwanjo duk kwastan na kama su a Seme, motoci ma an hana shigo da su ta ƙasa tun Janairun 2017. Turmin atamfa biyu-uku na iyali ba laifi. Saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba kuwa, ko na wane ne, kar ka ɗauka.

Wasu za su tambaya: Nijar fa, ga ta kusa, ga Hausa? Maraɗi da Damagaram sun fi Legas kusa da mu, gaskiya ne. Amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, kuma iyakar Gaya da Malanville, wadda da ita za a zaga daga Nijar a faɗa Benin, rufe ta aka yi bayan juyin mulkin 2023. Tsohuwar hanyar fatake ta arewacin Benin ma yanzu tana fama da 'yan bindiga. Ko iyakokinmu, kun tuna an garƙame su daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Don haka a saurari labarai har ranar tashi, kuma kuɗin motar dawowa har Jos a ware su daban, a ɗinke a cikin tufafi, kar a taɓa ko Kejetia ta yi kira da sunan mutum.

Zumuntar mata, matasan coci, 'yan majalisar shayi, ƙungiyar 'yan kasuwa: in za a fara zubi, a sa kuɗin takardu a kwasar farko, tunda su ne masu ɗaukar lokaci. Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.

(Kiɗan rufe shiri)