Kiwon Kifi a Gida: A Shata Hanyar Ruwa Kafin a Sayi Siminti

Duk wanda ya san kasuwar Difa ya san cewa banda da tattasai su ne ƙashin bayan cinikinmu. Sa'ad da aka kafa dokar ta-ɓaci a watan Fabrairu na 2015, aka hana kamun kifi da fataucinsa, mata masu suya da dillalai da dama sun cinye jarinsu, don ba a ɗage hanin ba sai a 2019. Ita ma Komadugu ba kullum take gudu ba: ruwanta daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake zuwa, an datse wani sashe a madatsun Tiga da Calawa, in bazara ta yi sai ta tsaya ta bar tafkuna. Wannan ya sa wasu suka fara gina kwamin kifi a cikin gida.

Kwanan baya wata mai suyar kifi ta kira mu a shirinmu na rediyo, ta ce ta zuba 'ya'yan tarwaɗa a sabon kwami, kafin sati biyu ruwa ya yi wari, kifin ya mutu. Da muka bincika, ashe magini bai bar ƙofar fitar ruwa ba, da bokiti take kwashewa. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

A Turai akwai masu ajiye kifin teku da murjani cikin akwatin gilashi a ɗaki. Ruwansu gishiri ne, wajen giram 35 a kowace lita, amma abin koyi shi ne ba sa sayen kifi ko ɗaya sai sun zana inda kowane tiyo zai bi. Suna ajiye wani tanki a ƙasa, ruwa ya gangara cikinsa a tace, inji ya mayar da shi sama. Mu ma haka ya kamata mu yi.

Da farko, daɓen kwami ya zama mai gangare zuwa wuri guda, a nan za a dasa tiyon fitarwa, domin kashin kifi da ragowar abinci a ƙasa suke kwanciya. A yi shi mai faɗi fiye da na shiga, kada ya toshe. Na shiga kuwa a ɗaga shi sama, ruwa ya riƙa zubowa yana fantsama, ta haka iska ke shiga. A yi amfani da tiyon roba, a guji na tagulla, don guba ne ga kifi.

Matata kuwa tono uku sun isa. A na farko ruwa yana tsayawa datti ya kwanta, a sa masa robine a gindi don zubarwa. Na biyu a cika shi da tsakuwa da yashi mai kauri. Na uku a zuba murafun goruna ko guntayen roba, inda ƙwayoyin halitta ke zama suna cinye dafin da kifi ke fitarwa, wanda ake kira amoniya. Ƙwayoyin nan sukan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin su kafu, saboda haka a fara da kifi kaɗan, kuma kada a wanke tonon da sabulu.

Sai batun kuran. In wuta ta ɗauke, inji ya tsaya, ruwan da ke cikin tiyo zai gangaro ƙasa, don haka a bar fili a tonon ƙarshe kada ya yi ambaliya. Tarwaɗa tana shaƙar iska daga sama, tana jure ɗaukewar wuta fiye da karfasa, ita ce ta fi dacewa da mai farawa.

A lura kuma da asalin ruwan. Na pampo yana da maganin javel, a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba. Wasu rijiyoyin yankinmu, musamman wajen Maine Sorowa, suna da kanwa, a gwada da kifi biyar tukuna. Ruwan da aka zubar kuma taki ne, a ja masa hanya zuwa garkar tattasai, kada a sake shi ƙofar maƙwabci.

Shawararmu ga uwaye mata ita ce, kafin ku ba magini ko dala ɗaya, ku sa ya zana muku a ƙasa inda ruwa zai shiga, inda zai fita, da inda zai tafi. Allah ya ba da kasuwa.