Kuɗin Ambaliya: Ina Suke Shiga Kafin Ruwa Ya Iso?

Duk wata, idan kwamitin rabon arzikin ƙasa ya zauna a Abuja, akwai wani ɗan kaso da ake cirewa da sunan muhalli. Asusun ya samo asali tun 1981, zamanin Shagari, don maganin zaizayar ƙasa, ambaliya, fari da kwararowar hamada. A tsarin da ake bi yanzu, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 1 cikin 100 na abin da aka raba, jihohi 0.72, ƙananan hukumomi 0.6. A baki kamar ba komai ba ne, amma daga tiriliyoyin naira ake yankarsa, kuma ba ya fashi.

Rabon tarayya ma ba a hannu ɗaya yake zama ba. Dokar 1999 da ta kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa, NEMA, ta ba ta kashi 20 cikin 100. Hukumar da ke dasa shingen bishiyoyi don tare hamada ita ma tana da nata kason. Akwai kuma rancen Bankin Duniya: dala miliyan 500 na shirin NEWMAP a 2012, da miliyan 700 na ACReSAL a 2021, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja.

Ke nan ba rashin kuɗi ne kaɗai ciwonmu ba. Lokacin da suke fitowa shi ne abin dubawa. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar lura da ruwa ta NIHSA kuma ta biyo da jerin ƙananan hukumomin da ruwa zai iya ci. Watannin da ke tsakanin wannan gargaɗi da Agusta su ne na yashe kogi, ɗaga jinga da buɗe magudanai. Amma galibi sai gidaje sun rushe ake ganin tireloli ɗauke da shinkafa, tabarmi da kwanon rufi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: rabon buhu yana da taro da kyamara, kwatar da aka yashe a watan Afrilu kuwa ba wanda zai yi wa gwamna kirari a kanta.

Maiduguri ta ga sakamakon wannan. Madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta taɓa jawo ambaliya a 1994. Shekara 30 bayan haka, a ranar 10 ga Satumba 2024, ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shiga Gwange, babbar kasuwa, fadar Shehu da asibitin koyarwa, har dabbobin gidan zu suka fantsama cikin gari. A daminar ce gwamnatin tarayya ta ware wa kowace jiha naira biliyan 3 saboda ambaliya, sai dai ruwa ya riga ya yi nisa. A farkon 2025 aka amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar, ban da abin da magidanta da 'yan kasuwa suka rasa wanda ba ya cikin wannan lissafi. Haka batun madatsar Dasin Hausa a Adamawa, wadda aka so ta riƙa tare ruwan da Kamaru ke saki daga madatsar Lagdo. An gama Lagdo a 1982, tamu har yau ana jira, bayan ambaliyar 2012 da ta kashe mutum 363 da ta 2022 da ta kashe fiye da 600.

Rabon jihohi shi ya fi duhu. Yana shiga ne tare da sauran kason wata-wata, kuma da wuya jiha ta bayyana wa jama'a aikin da ta yi da shi. An taɓa kaiwa kotu: a 2018 aka yanke wa tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, hukuncin ɗaurin shekara 14 kan karkatar da fiye da naira biliyan 1 na wannan asusu, aka rage zuwa 10, sannan aka yi masa afuwa a 2022.

Mutanen Haɗeja da Auyo ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa, kuma da damina matasa ne ke kwana suna jera buhunan ƙasa a bakin jinga, sau da yawa da karo-karon unguwa. Irin wannan aiki aka yi kason ƙananan hukumomi dominsa. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na wallafa abin da kowacce ta samu a rabon wata. Masu unguwanni da ƙungiyoyin aikin gayya na iya ɗaukar wannan takarda su je sakatariya tun a watan Maris, su tambayi ciyaman nawa ne na jinga a ciki.