Wutar iska: wane inji za a ɗaura wa farfela?



Da hunturu ya kama, iskar gabas tana kaɗawa a Diffa tun hantsi. Samari da yawa suna tambayata ko za a iya samun wuta da ita. Ana iyawa. Amma farfela ba ta yin wuta da kanta, sai da injin da take juyawa. A nan ne kuɗi suke ɓata.

Na ga wani saurayi wajen Geskeru ya sayar da buhun tattasai, ya sayi altanatar mota, ya ɗaura bisa dogon ƙarfe. Farfela na ta juyi, batir na ta mutuwa. Ga dalili. Altanatar mota ba ta soma cika batir sai tana juyi wajen sau 1000 a minti. Farfela mai faɗin mita 2 kuwa, cikin iska irin tamu, juyinta bai cika wuce sau 300 ba. Kuma altanata sai ta ci wutar batir kafin ta bayar. In aka sa mata bel don ƙara gudu, bel ɗin ya cinye ƙarfin.

Dinamon keke yana da maganaɗisu a cikinsa, ba ya taɓa batir. Da shi William Kamkwamba, wani yaro ɗan Malawi, ya haɗa injin iska ya kunna ƙwai a ɗakinsa. Sai dai wat 3 kaɗai yake bayarwa.

Wanda ni na fi yarda da shi, shi ne irin na Hugh Piggott, mutumin Sikotilan. Faifan ƙarfe biyu ne masu maganaɗisu, suna juyi, da naɗin wayar tagulla a tsakaninsu. Babu bel, babu gawayin da ƙurar hunturu za ta cinye, kuma ko da iska marar ƙarfi yana soma cika batir. Mai walda da mai naɗin waya suna iya haɗa shi. Maganaɗisun ne da tsada, kuma a yi hattara, yana datse yatsa.

A ɗaga shi sama da itatuwa. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ya ninka takwas.

Kada dai wanda ya sayar da injin ban-ruwansa. Wannan farfela da ƙyar take kai wat 100 a matsakaiciyar iska. Ta isa fitila, da rediyo, da cajin salula, amma ba ta shayar da gonar tattasai.